Katako Daga Kurmin Sarki



Shekaru da dama mu mazauna arewacin Kano mun riƙa jin labarin 'yan bindiga a rediyo kamar labarin wata ƙasa mai nisa. A ce an kai hari Zurmi, ko Batsari, ko Jibiya, mu ce Allah ya kiyaye, mu juya mu ci gaba da sussukar geronmu. A kakar 2025 labarin ya iso ƙofar gida. Mahara a kan babura suka riƙa tsallakowa da dare daga wajen Katsina, suka shiga Faruruwa a ƙaramar hukumar Shanono, suka shiga Biresawa da 'Yan Kamaye a Tsanyawa, suka kore shanu, suka tafi da mutane, har da mata masu goyo. A farkon Nuwamba na wannan shekara sojoji suka ba da sanarwar cewa sun kashe mahara 19 a Shanono, su kuma sun rasa soja 2 da ɗan sintiri 1. Akwai iyalan da suka bar rumbunansu cike da hatsi suka koma kwana wurin dangi a cikin gari.

Bayan tsoro sai maganar kuɗi ta biyo, kamar yadda takan biyo kullum. A watan Disamba na 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ƙaddamar da rundunar tsaron unguwanni ta mutum 2,000, da motoci 88 da babura 440. Jihar Katsina ta riga ta kafa tata rundunar tun Oktoba na 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a Janairu na 2024. Ana kafa kwamitoci a ƙauyuka, ana rubuta sunaye, ana maganar tallafi. Dattawan ikilisiyoyinmu na karkara suna tambayarmu: shin mu shiga ne, ko mu ja jiki? Wasu suna cewa alkawarin hukuma romon baka ne, mu dai mu riƙe addu'a. Wasu kuwa, in mun faɗi gaskiya, sun riga sun fara lissafin ɗan wa za a sa a jerin, da wanda zai riƙe babur. Domin amsa wa ɓangarorin nan biyu ne muka buɗe littafin Nehemiya, gama a cikinsa akwai labarin mutumin Allah da ya karɓi tallafin gwamnati domin tsaron garinsu.

Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya yana bautar ƙasa a fadar Shushan, shi ne mai shayar da Artashate Sarkin Farisa. Ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahuza da labari mai ɗaci: garun Urushalima a zube yake, mutanen da ke ciki suna zaune a fili, kowane mai wucewa yana iya yi musu yadda ya ga dama. Nehemiya ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a, ya ɗauki wajen wata huɗu a haka. Sa'an nan ya tsaya gaban sarki ya roƙi abubuwa da sunansu: izinin tafiya, da wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, da wasiƙa zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki domin a ba shi katakon ƙofofi. Sarki ya tambaye shi tsawon lokacin da zai yi, ya faɗa. Aka ba shi duka, har aka haɗa shi da mahayan dawakai su raka shi.

Ku lura, sarkin nan ba mai bin addinin Nehemiya ba ne, gwamnatinsa kuma ba ta tsarkaka ba ce. Duk da haka Nehemiya bai ga cewa karɓar katakon zai rage masa bangaskiya ba, a'a, ya lissafta shi cikin alherin Allah. Ezra, wanda ya yi irin wannan tafiya, ya ji kunyar roƙon rakiyar soja domin ya riga ya faɗa wa sarki cewa Allah zai kiyaye su, sai ya kira azumi a bakin kogin Ahawa. Littafi Mai Tsarki ya ajiye labarin mutanen nan biyu gefe da gefe, bai tsine wa ko ɗaya ba. Saboda haka wanda ya ce mana mai addu'a ba ya neman taimakon hukuma, ya ɗora wa mutane kayan da Allah bai ɗora musu ba.

Mu ma har mun fi Nehemiya hujja, domin shi alfarma ya nema wurin baƙon sarkin da ke mulkin ƙasarsu, mu kuwa hakkinmu muke nema. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya sa tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Manomin da ya kai buhun wake Dawanau ya biya kuɗin kasuwa, ya biya a tasha, ya biya a cikin kuɗin taki da na katin waya. In wani abu ya komo ƙauyensu da sunan tsaro, guminsa ne ya komo.

Kuma kada a ce ba a taɓa fitar da irin kuɗin nan ba. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan manufar ƙasa ta rigakafin tsattsauran ra'ayi mai kai ga ta'addanci, wadda ta amince cewa bindiga kaɗai ba za ta gama aikin ba, sai da iyaye da malaman addini da sarakuna da mata da matasa. A Agusta na 2020 aka amince da naira biliyan 13 da miliyan 300 domin aikin 'yan sandan al'umma. Gwamnatocin waje ma sun zuba nasu. Daga 2012 zuwa 2017 gwamnatin Ingila, ta hannun British Council, ta gudanar da shirin sasanta rikici a jihohi 8, har da Kano. Daga 2019 gwamnatin Amurka ta ba ƙungiyar Mercy Corps tallafin shekara 5 domin horar da shugabannin al'umma kan sulhu a jihohi 6, Kano da Katsina suna ciki. Akwai kuma asusun GCERF da aka kafa a Janeba a 2014, wanda gwamnatoci ke tara wa kuɗi, shi kuma ya ba ƙungiyoyi irin su ActionAid, wadda ta yi aiki da matasa da mata a Kano da Kaduna. Ban da waɗannan duka akwai kuɗin tsaro da ake ware wa masu mulki ba tare da an bukaci su kawo lissafi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa yana kai dala miliyan 670 a shekara a faɗin ƙasar nan. Kurmin sarki cike yake da itace. Tambayar ita ce me ya sa katakon ba ya cika isowa, in kuma ya iso me ya sa ba ya zama ƙofa.

Abin da Nehemiya ya fara yi da ya isa Urushalima yana da ban mamaki. Wasiƙun sarki suna aljihunsa, amma bai tara taro ba, bai yi shela ba. Ya kwana uku shiru, sa'an nan ya tashi da dare shi da mutane kaɗan, ya zaga garun yana duba inda ya rushe, har ya kai wurin da dabbar da yake kai ba ta iya wucewa saboda tarin ɓaraguzai. Sai da ya gani da idonsa ya buɗe baki. Mu kuwa sau da yawa mukan karɓi tallafi tukuna, daga baya mu zauna mu nemi abin da za mu yi da shi, shi ya sa yakan ƙare a riguna masu tambari da allon sanarwa a bakin hanya.

To, bari mu yi namu zagayen. Ƙasarmu ba irin ta Zamfara ba ce. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Dambatta zuwa Bagwai, gona tana haɗe da gona, gamba ce kaɗai iyaka, kuma da wuya mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bai ga gida ba. Kakanninmu sun noma ƙasar nan shekara da shekaru ba hutu, suna kiwata ta da takin dabbobi da juji, suna barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Babu wani daji kamar Rugu da mahara za su kafa sansani a cikinsa a wannan yanki. Wanda zai kawo mana hari dole ya zo da sauri ya koma da sauri, dole kuma ya san tun kafin ya taso gidan wa aka sayar da sa, ɗan wa ke aiko da kuɗi daga Legas, wace hanya ce babu 'yan sintiri. Baƙo ba ya sanin wannan. Da ɗan gari akan ci gari. Yawanmu shi ne garunmu, shi ne kuma inda garun yake tsagewa.

In an raba rundunar da muka ambata daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 44, kowace za ta sami mota 2, babur 10, da mutum kamar 45. Mun gode, kuma muna roƙon Allah ya kiyaye su. Amma duk wanda ya san yawan ƙauyukan Shanono ko na Ghari, wadda muka saba kira Kunchi, ya san mutum 45 ba za su kwana a ƙofar kowane gida ba. Nehemiya ma ya ga aikin yana da faɗi, mutane kuma a warwatse suke a kan garu, sai ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, ya ce duk inda aka ji ƙaho a tattaru a can. Ƙahonmu na yau waya ce mai caji da kati a hannun mutumin da aka yarda da shi, da lambar da in an kira za a ɗauka da ƙarfe biyun dare. A cikin duk abin da tallafi zai iya saya babu mai araha kamar wannan, babu kuma wanda ake mantawa kamarsa, domin ba shi da kyan hoto a ranar bikin ƙaddamarwa.

Yanzu mu zo sura ta 5, wadda masu wa'azi kan tsallake. Ana tsakiyar gini, abokan gaba suna barazana daga waje, sai kuka ya tashi daga cikin gari. Talakawa da matansu suka ce yunwa ta sa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi, wasu sun ci bashi domin biyan harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu masu hali. Wani shugaba da zai ce a yi haƙuri sai an gama da maganar tsaro. Nehemiya ya tara babban taro, ya tsawata wa manya a gaban jama'a, ya sa aka mayar da gonaki, aka yafe ruwan bashi, ya kuma amsa cewa shi da kansa yana cikin masu ba da rance, ya fara da kansa. Ya gane cewa mutumin da aka ƙwace wa gona ba shi da abin da zai tsare a bayan garu.

Ba ma bukatar zuwa nesa domin ganin wannan. Ranar 15 ga Mayu 2024, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gezawa, wani mutum ya kulle masallaci ana sallar asuba, ya zuba fetur ya cinna wuta. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu danginsa ne da maƙwabtansa. Ba daga daji ya fito ba, ba wata ƙungiya ta aiko shi ba. Rigimar gado ce da ta daɗe tana ci. Da akwai mota da babur a garin a wannan asuba, da ba su hana ba, gama abin da ya kamata a tare ya riga ya wuce tun watannin da zuciyarsa take tafasa. A ƙasa irin tamu, inda gonar kaka ɗaya ta rabu tsakanin jikoki goma sha, kowane rabon gado wuta ce a ƙarƙashin toka. Haka saurayin da aka jinginar da gonar ubansa, ya je ci-rani ya komo hannu wofi, yana zaune a gindin bishiya yana shan ƙwaya: wanda ya miƙa masa 'yan dubbai domin ya nuna gida ya same shi a arha. Haka burtalin da muka riƙa ci taki ɗaya taki ɗaya kowace damina, har makiyayi ya rasa inda zai bi da shanunsa zuwa mashaya sai ta cikin wake. Mu Kirista ba mu da tsarki a wannan. Mun san gonakin da suka yi ƙiba da burtali, masu su kuma suna zaune a bencin gaba ran Lahadi.

Wani zai ce sulhu magana ce kawai, ba a auna ta. An auna. Mercy Corps ta yi bincike a jihohin Binuwai da Kogi da Filato, inda aka horar da shugabannin wasu al'ummomi kan dabarun sasanci, wasu kuma ba a horar ba. Da aka koma aka tambayi mazauna, kashi 29 cikin 100 ne suka ce an yi tashin hankali a wuraren da aka yi horon, alhali a sauran wuraren kashi 55 ne.  Saboda haka duk inda aka tambaye mu abin da muke so a yi da tallafi, kada mu tsaya ga tocila da takalma. Mu nemi a sa zaman sulhu, da sake fitar da burtali, da abin yi ga samari a lokacin rani, musamman a wuraren da ke kusa da ruwan Watari da na Tomas, inda noman rani zai iya riƙe yaro a gida.

Sura ta 3 jerin sunaye ce, mai karatu yakan gaji da ita, amma a cikinta asirin aikin yake. Firistoci sun gina nasu ɓangare, maƙeran zinariya nasu, masu yin turare nasu, 'yan kasuwa nasu. Da yawa sun gyara daidai inda ke fuskantar gidajensu. Wani mai mulki, Shallum, ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. An kuma rubuta, domin kunya ta har abada, cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu. Sarki ya ba da katako, amma bai aiko da magina daga Shushan ba, garun kuwa ya ƙare cikin kwana 52. Wannan ita ce ƙa'idar da Paparoma Pius na 11 ya bayyana a 1931, cewa bai kamata babbar hukuma ta ƙwace aikin da ƙaramar al'umma za ta iya yi da kanta ba, aikinta shi ne ta tallafa mata. Tallafin da aka tsara a ofis a birni, aka kawo ƙauye a sa hannu kawai, ya saɓa wa wannan. Haka kuma kwamitin da babu mace a cikinsa ya toshe kunnensa ɗaya, domin matan da ke zuwa rijiya da injin niƙa sukan riga kowa sanin gidan da ake dafa abinci fiye da yawan mutanensa.

A nan dole mu rabu da Nehemiya a abu ɗaya. Shi ya gina garunsa ne tsakanin mutanensa da maƙwabtansu, yana da dalilansa na zamaninsa. Namu ba zai yiwu haka ba, Ubangijinmu kuma da ya ba da misalin Basamariye ya riga ya faɗaɗa mana ma'anar maƙwabci. A yawancin ƙauyukan nan mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, kakanninmu ɗaya da yawancinsu, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Waɗanda suka harbe masu ibada a Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu 2012, su ne irin waɗanda suka kashe masallata fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014. Matan da aka sace a Shanono da Tsanyawa ba a tambaye su addininsu ba. Kada ikilisiya ta nemi tallafin tsaro nata na kanta a ɓoye, kada kuma ta yarda a kafa kwamitin gari babu ita. Mu je wurin dagaci da rana tsaka mu ce a sa da mu. In an manta da mu, mu tuna musu cikin ladabi, mu sake tunawa. Kuma mu ne ya kamata mu fara tambaya: ina wakilin rugar Fulanin da ke bayan gari? Su ma ana kore musu shanu, sau da yawa su ake fara korewa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ba mu tsoro a cikin al'amarin duka. Kuɗi da kaki da sanda suna iya mayar da yaron kirki azzalumi cikin mako guda. A Zamfara, kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar da ta ƙi mutuwa. A ƙarshen Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Kano da ke komowa gida domin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Waɗanda suka tare motar nan suna ganin garinsu suke tsarewa. Mu da muka yi makokin 'ya'yan jiharmu a lokacin, kada mu yi wa baƙon da ya ratso ƙauyenmu abin da aka yi musu. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aikin ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Duk ɗanmu da za a rubuta sunansa, iyaye da katikis su zaunar da shi su faɗa masa haka: wanda ka kama, hukuma za ka miƙa wa da ransa da lafiyarsa. Wanda kuma aka san shi da shaye-shaye ko riƙon gaba, kada a sa sunansa wai domin ya sami abin yi, ko da ɗan shugaban ikilisiya ne.

Sai maganar lissafi. Sa'ad da Ezra zai taso da azurfa da zinariyar da sarki da fadawansa suka bayar, ya keɓe manyan firistoci 12, ya auna musu kayan a hannu, da suka isa Urushalima aka sake aunawa a gaban shaidu, aka rubuta nauyin kome. Ba domin yana zarginsu da sata ba ne, domin ya kare su daga zargi ne. Nehemiya kuwa ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa, saboda ya ga nauyin da ke kan jama'a. Mun taɓa halartar wani taron bita kan zaman lafiya a wani otal a birni, wanda wata ƙungiya ta shirya, ba ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata ba. An yi kwana biyu ana jawabi da Turanci, dattawan da aka ɗauko daga ƙauye suna gyangyaɗi, aka ci shinkafa, aka sa hannu, aka miƙa ambulan. Mu ma mun karɓi tamu, ba za mu ɓoye ba. Kwamitin da aka kafa a ranar ya zauna muddin ana ba da kuɗin mota, ran da aka daina ya watse. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci ba mu yi ba, abin yana damunmu har yau.

Domin haka muna roƙonku, duk kuɗi ko kaya da ya shigo ƙauye da sunan tsaro ko zaman lafiya, a faɗi adadinsa a bainar jama'a, a ƙofar dagaci, a masallaci ran Juma'a, a majami'a ran Lahadi. A sayi littafi na musamman a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kada ajiya ta zauna a hannun mutum ɗaya, ko Fada ne. Babur na gari ne, ba ya zuwa acaɓa, ba ya zuwa kamfen. In an ce a sa hannu a kan takardar da ta ce an karɓi dubu ɗari alhali hamsin aka miƙa, Kirista ba ya sa hannu, ko da hakan zai sa a janye tallafin, gama wannan shaidar zur ce, kuma jinin wanda za a kashe saboda man da ba a saya ba yana kan takardar.

Littafin bai ƙare da bikin keɓe garu ba. A sura ta 13 Nehemiya ya koma wurin sarki na ɗan lokaci, da ya dawo ya tarar an ba Tobiya, abokin gaban aikin, ɗaki a cikin harabar Haikali, ya kuma tarar an daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa ya koma gonarsa. Ba mugunta ce ta kore su ba, yunwa ce. Irin wannan ya faru a idonmu. 'Yan sandan sarauniya da aka ɗauka bayan 2020, da yawansu sun sa rai da albashi, har wasu suka yi zanga-zanga a 2022, rundunar kuwa ta amsa cewa aikin na sa-kai ne. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, a tsakiyar shekara aka rufe hukumar USAID, ayyuka da yawa a ƙasar nan suka tsaya cak a tsakiyar hanya. Gwamnoni suna sauyawa, kowane kuma yakan zo da tasa runduna da nasa kaki. Tun ranar da aka kawo tallafi ya kamata kwamiti ya tambaya: wata nawa zai yi, wa zai sayi mai bayan nan, wa zai ɗauki nauyin iyalin wanda ya faɗi a bakin aiki? Abin da Nehemiya ya yi shi ne ya komo da zakar hatsi cikin rumbunan Haikali, ya naɗa ma'aji huɗu daga rukuni dabam dabam, mutanen da aka shaida da aminci. Mu ma muna da gayya da adashi tun kafin a san wata hukuma. Kwanon hatsi ɗaya daga kowane gida a lokacin kaka, a ajiye a rumbun gari da makulli biyu, zai riƙe masu kwanan sintiri a watannin da alawus ya makale.

Kafin ruwan fari ya sauka, muna roƙon kowace majalisar ikilisiya ta karkara ta zaɓi dattawa biyu da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, su sami mai unguwa da limamin gari da arɗo, a sa rana a bi burtali da ƙafa daga bakin gari har mashaya. Inda gonar ɗan ikilisiya ta ci hanya, shi za a fara roƙo ya ja da baya, tun bai yi shuka ba. A rubuta rigingimun gado da na jingina da aka sani suna ci, a fara da wadda ta fi tsufa. Katikis kuma ya kawo mana sunayen waɗanda har yanzu ke hannun masu garkuwa daga yankinsa, Kirista da Musulmi, domin a ambace su ɗaya ɗaya a addu'ar masu bi a Hadaya Mai Tsarki ta kowace Lahadi har su dawo.